Garin Gwangwani na Ya Falmata

Da tsinkar tattasai ta bana, Ya Falmata ta cika shekara bakwai da rasuwa. Ban rubuta ranar a ko'ina ba. Amma duk shekara, in na ga an fara shanya jan tattasai a bakin hanyar Gagamari, ƙasa ta yi jawur kamar an shimfiɗa mata darduma, ƙamshinsa yana sa masu wucewa atishawa, sai in san lokacin ya zagayo. A irin wannan lokaci muka yi mata wanka, maza suka ɗauke ta daga tsakar gidana. Shekara bakwai kuwa ba kwana bakwai ba ce. Jikata da aka haifa bayan arba'in ɗinta, bana aka saya mata kaye na rubutu da alli ta shiga lakwal, wato makarantar boko.

Yawancin masu karanta wannan shafi ba su san ta ba, don ba ta yi abin da za a ambaci sunanta a rediyo ba. Malamar firamare ce daga wani gari na tsallaken Komadugu, ɓangaren Najeriya, inda ta daɗe tana koya wa ƙananan yara Ingilishi. Ba zan faɗi sunan garin ba, waɗanda suka fito daga cikinsa sun san shi. Mijinta ya riga ya rasu tun kafin tashin hankali. Shekarar da aka kori mutane daga gidajensu, ta tsallako kogi da ɗiyarta Bintu da ƙullin tufafi guda, suka biyo ayarin masu tafiya da ƙafa har Diffa.

Ni kuwa ƴar Damagaram ce, sunana Mariyama, aure ya kawo ni nan. Maigidana, Alhaji, yana da butiki a kasuwa, yana sayar da sukari da madara da sardin da timatirin gwangwani. Wata rana da hantsi na ji sallama, na fito na tarar da doguwar mace baƙa, da zanen Barebari a fuska, ƙafafunta duk sun tsage. Ruwa kawai ta roƙa wa ɗiyarta. Da ta sha, sai ta wanke moɗar ta kife ta inda ta ga muna kifewa. Wannan ƙaramin abu ne ya sa na ce ta zauna ta huta. Muna da ɗaki a baya da ake ajiye kwalaye, aka kwashe su aka shimfiɗa tabarma. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓar ta yi shekara huɗu a gidana, kuma ba ta tashi da ƙafarta ba.

Hausarta irin ta Barebari ce, ba ta raba mace da namiji. Har ta bar duniya "ka" take ce mini, in ta so ni ƙwarai ta ce "ƙanena". Nakan yi mata dariya in ce, "Ya Falmata, ke da ba ki yarda yaro ya karya Ingilishi ba, ga shi kina karya mana Hausa kamar kara." Sai ta ce, "Kowane harshe da inda yake sa takalminsa. Naku ya matse ni."

Da safe takan bi sauran mata zuwa gonakin bakin kogi, a yi tsinkar tattasai ko cirar albasa, a biya su da yamma. Ba ta da niyyar komawa koyarwa. Abin da ya tayar da ita, wata yarinya ce mai suna Yagana, ƙawar Bintu, ƴar garinsu, wadda ta taɓa zama a ajinta. Yaran da suka tsallako, waɗanda aka samu aka sa lakwal, da Faransanci ake koya musu. A gida Barbarci, a titi Hausa. Ran nan Ya Falmata ta tambayi Yagana yadda ake ce wa kasuwa da Ingilishi. Yarinyar ta ɗaga ido sama, ta ciji leɓe, ta rasa. Na ga fuskar Ya Falmata ta sauya kamar wadda aka gaya wa mutuwa. Daga baya ta ce mini, "In suka koma gida, aji nawa za a sa su? Da ƙannensu za a haɗa su, kunya ta kore su daga makaranta. An ƙwace musu gari, kada a ƙwace musu karatu ma." Washegari ta durƙusa ta roƙi Alhaji ya bar ta ta tara yara a tsakar gida bayan la'asar. Ya ce ba komai, ai ilimi ne.

Ba ta da littafi ko ɗaya, ba ta da allo. Abin da gidanmu yake da shi a yalwace shi ne gwangwanaye da kwalaye. Sai ta share gefen tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogon yaro, ta fara gina gari. Ta ɗauki babban gwangwanin madara ta kafa shi yana duban gabas, ta ce, "Mosque." Ta jera gwangwanayen sardin a buɗe, ta zuba musu tsakuwa da ƴaƴan tattasai, ta ce, "Market." Farin kwalin sukari ya zama gidan likita. Tsofaffin batura suka zama motoci a tasha. Ta yage wani shuɗin tsumma ta miƙe shi a arewacin garin ya zama kogi, ta ɗora karan dawa biyu a kan wani ɗan kwari ya zama kadarko. Akwai rijiya, da makaranta, da ofishin ƴan sanda da ta shafa wa shuni. Kowane yaro ta ba shi kwalin ashana ta ce ya ajiye gidansu a inda yake. Sannan na gane ba garin banza take ginawa ba, garinsu ne.

Sunayen wurare ba su ba yaran wuya ba. Inda ta nuna gwaninta shi ne wasu ƙananan kalmomi da ni kaina na sha bulala a kansu a koleji a Damagaram ban gane su ba. Ita "ƴan rakiya" take ce musu, wai don ba sa tafiya su kaɗai, sai sun riƙo hannun wata kalmar aiki. Kowannensu ta ba shi hali kamar mutum. "Can" budurwa ce ƙaƙƙarfa da ta iya ɗaukar tulu ba gammo. "Must" soja ne a bakin shinge, ba a musu da shi. "May" baƙo ne mai kunya, yana tsaye a zaure yana sallama. "Should" kaka ce mai ba da shawara, in ka ƙi ji ba za ta doke ka ba, amma za ka tuna da ita. "Might" kuwa hadarin farkon damina ne, wanda ba a san ko zai zubar ko zai wuce ba. Yaro zai ɗauki marfin kwalba, shi ne shi, ya riƙa tura shi a cikin lungunan garin yana faɗin abin da yake yi. In ya zo kasuwa ya ce ya iya zuwa, in ya zo kadarko ya ce dole ya tsallaka, in ya zo ƙofar gidan wani ya tsaya ya nemi izini, mai gidan ya ba shi ko ya hana shi, duk da Ingilishi. Wanda ya ɗauko ɗan rakiyar da bai dace ba, sai ta ce, "Kai, ka aiki soja gidan surukai. Koma ka ɗauko mai kunya."

Yanzu in na ga jikokina sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna kwaikwayon Ingilishin mutanen da ba su taɓa gani ba, nakan tambayi kaina me za ta ce. Ina jin da farko za ta karɓi wayar ta jujjuya ta, ta saurara da kai a karkace kamar yadda take yi, ta yaba da yadda harshen yaran ya yi laushi. Daga nan sai ta tambaye su ma'anar abin da suka faɗa, su yi tsuru-tsuru. Ba ta ƙin sabon abu. Abin da ba ta so shi ne yaro ya faɗi maganar da ba ta taɓa rayuwarsa ba. Takan ce kalmar da ba ta da gida a cikin yaro, kwana ɗaya take yi ta wuce.

Ni ina daga gefe ina tsintar shinkafa ko ina yankan kuɓewa, ina kallonsu. Akwai wani lokaci, in rana ta yi sanyi, haskenta ya ratso ganyen bedi ya faɗa kan gwangwanayen nan, sai su riƙa walƙiya kamar rufin kwano da aka hango daga nesa. Yaran sukan manta da ni, su manta da Diffa. Sai ka ji suna gardama da Barbarci a kan inda mai ƙosai take zama, ko wane lungu ne karen mahauci yake kwanciya. Wata ta ce a nan akuyarsu ta haihu. Wani ya ce daga nan ake jin ƙamshin bandar kifi in jiragen masunta sun dawo. Ban taɓa taka garin nan ba, amma na san shi fiye da wasu unguwannin Damagaram. Wani lokaci in aka kira magariba a masallacin unguwarmu, wallahi sai in ji kamar daga cikin gwangwanin madarar nan muryar take fitowa.

Wata rana Yagana ta tsayar da marfinta a bakin shuɗin tsumma ta ce, "Malama, in zan ce za mu koma gida, wane ɗan rakiya zan ɗauka?" Duk yaran suka juyo suna kallonta. Ya Falmata ta dubi shuɗin tsumman. Sannan ta ce, "Ɗauki hadarin damina. Sauran ka bar wa Allah." Da suka watse na ce mata, "Haba, da kin ce musu za su koma mana, ai yara ne." Ta ce, "Ƙanena, ban taɓa koya wa yaro ƙarya ba, ko da Ingilishi."

A shekara ta biyu ne abin ya faru, wanda saboda shi nake wannan rubutu, don ban taɓa faɗa wa kowa rabona a cikinsa ba. Waɗanda suka zauna Diffa a lokacin sun san irin zaman da aka yi. An hana kabu-kabu, wato baburan haya, ana binciken mutum kafin ya shiga kasuwa, kowa yana kallon baƙuwar fuska sau biyu. Ba na ganin laifin kowa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban san wanda ya fara maganar ba, kuma ban nema ba. Sai dai ta zagaya unguwa cewa wata baƙuwa daga tsallake ta zana taswirar Diffa a gidan Alhaji, har da kadarko da ofishin ƴan sanda, tana tara yara tana koya musu da wani harshe.

Alhaji ya dawo gida kafin azahar, abin da ba ya yi. Ya tsaya a ƙofar madafa ya ce, "Mariyama, mai unguwa ya aiko. Da la'asar zai zo da jami'an tsaro su ga abin da ake yi a gidan nan." Ya ƙara da cewa, "Mu ma fa ba ƴan garin nan ba ne. In suna ya ɓaci a kasuwa, ba ya gyaruwa." Bai ce in yi komai ba, ya juya ya fita. Ya Falmata tana gona. Na tsaya ina kallon garin nan. Na tuna ƴaƴana, na tuna butiki, na tuna labarin mutanen da aka ɗauka don tambaya aka daɗe ba a gan su ba. Sai na ɗauko tsintsiya da buhu. Aikin shekara biyu, ko shayi bai isa tafasa ba na gama da shi. Na tura buhun bayan garken awaki, na yayyafa ruwa na sake sharewa.

Ta dawo hannayenta jawur da tattasai. Ta tsaya a bakin bishiyar tana kallon sawun tsintsiya. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban iya ɗaga ido ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ka share da kyau."

Ba ta ko wanke hannu ba suka yi sallama, mai unguwa da mutum biyu cikin kaki, Alhaji yana biye. Babbansu mutum ne mai furfura a gefen kai, bai ɗaga murya ba. Ya ce a nuna masa taswirar. Na yi caraf na ce ai wasan yara ne, an ma kwashe. Ya dubi ƙasar da ke da danshi, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, wasan yara ne ake sharewa a yayyafa masa ruwa ranar da za mu zo?" A nan na gane da hannuna na ɗaure ta. Garin gyaran gira na tsone ido. Ya juya wajenta ya ce sai dai ta biyo su ta amsa tambayoyi. Bintu ta ƙanƙame zanen uwarta ta fashe da kuka.

Lokacin karatu ya riga ya yi, yara sun fara shigowa ɗaya-ɗaya, suna ganin kaki suna rakuɓewa jikin bango. Ya Falmata ta ce, "Ranka ya daɗe, zan bi ku. Amma ka ba ni gwargwadon salla ɗaya." Ta dube ni ta ce, "Ƙanena, kawo kayan." Na je na jawo buhun, na zazzage shi a gaban kowa, har da kashin awaki a jiki. Ita ko gwangwani ɗaya ba ta taɓa ba. Ta ja baya ta harɗe hannu a baya, ta ce wa yaran, "Ku gina."

Da farko ba wanda ya motsa. Sai Yagana ta fito, ta ɗauki gwangwanin madara, ta duba inda muke fuskanta in za mu yi salla, ta kafa shi, ta faɗi sunansa da ƙaramar murya. Wani ya ɗauko na sardin. Kafin ka ce me, sun durƙusa gaba ɗaya, kowa yana ajiye abu yana faɗin sunansa da Ingilishi, ana gyara wa wanda ya kauce da taki ɗaya. Suka miƙe shuɗin tsumma, suka ɗora karan dawa, kowa ya nemo kwalin ashanarsa. Babban jami'in ya zagaya garin a hankali. Ya tambayi mai unguwa ina ne gabas, aka nuna masa. Ya tsaya a kan tsumman nan ya ce, "Kogin Diffa ba ta arewa yake ba." Mai unguwa ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Kuma kasuwarmu ba ta jikin masallaci."

Ya tsuguna kusa da Yagana ya nuna kwalinta ya ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Gidanmu ne."

"Wa ke ciki?"

"Kakata. Ta ce ƙafarta ba ta iya tafiya, mu je mu dawo."

Mutumin nan ya sake duban kwalin. Sai ya ɗauki marfin kwalba ya tura shi wajen gwangwanayen sardin, ya tono ɗan Ingilishin da ya rage masa na koleji ya ce, "I can go market." Yagana, da hawaye a fuska, ta ce, "To the market." Yara suka tuntsire da dariya, har ɗayan jami'in ya juya baya yana murmushi. Babban ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce, "Madam, ci gaba da aikinki. Amma ki riƙa barin ƙofa a buɗe, kowa ya gani. Wannan mai shunin kuma ki cire shi, saboda bakin mutane." Ta sunkuya ta ɗauke ofishin ƴan sanda ta miƙa mini. Tun daga ranar garin nan bai sake samun ɗan sanda ba.

Da safe na same ta tana wankin tufafin Bintu a bakin randa. Na durƙusa na ce, "Ya Falmata, ki yafe mini. Tsoro ne." Ta ci gaba da cuɗa rigar, sannan ta ce, "Sau biyu ke nan ana rushe garin nan ina raye. Na farko ba wanda ya zo ya ce in yafe." Ta matse rigar ta miƙo mini in shanya. Ta ce, "Kuma da ba ka share ba, da ban san sun riƙe shi a ka ba. Tashi, ƙanena, harshe da haƙori ma sukan saɓa." Ba ta sake tayar da maganar ba har ta mutu. Ni ce ban daina tayar da ita a zuciyata ba.

Barin ƙofa a buɗe ya kawo abin da ba mu zata ba. Matan unguwa suka fara leƙowa, wai sun zo aron rariya, su tsaya su yi kallo. Gani ya kori ji. Kafin damina ta faɗi, ƴaƴan maƙwabta, ƴan Diffa haihuwa da girma, suna zaune cikin yaran tsallake suna neman izinin shiga gidajen da ba su taɓa gani ba. Ƴaƴana ma suka shiga. Ta ba su kwalayen ashana ta ce su zaɓi unguwar da suke so, wai garin yana karɓar baƙi.

Tari ne ya kama ta a shekara ta huɗu, ya sauka a ƙirji. Muka kai ta gidan likita, ta yi kwanaki, ta ɗan samu sauƙi, ta ce a maido ta gida. Ranar ƙarshe da hantsi ta ce a fito da ita ta sha rana. Na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, na zauna ina matsa mata ƙafa. Ba ta yi dogon wasici ba. Ta ce kada in bar Bintu ta ajiye karatu, na ce in Allah ya yarda. Ta ce ƙamshin tattasai ya yi yawa bana, za a samu albarka. Ta yi kalmar shahada sau biyu, ta yi shiru. Na ɗauka barci ne, na ci gaba da matsa ƙafar har sai da na ji ta yi sanyi.

Gwangwanayen ba su daɗe bayanta ba. Damina biyu suka yi tsatsa, kwalayen suka narke, sauran yara suka yi wasa da su suka watsar. Ban yi ƙoƙarin adana su ba, na san ba za ta so a mayar da shara abin tarihi ba.

Da za ta leƙo Diffa yau, ban sani ba ko za ta gane hanyar gidana. Inda ta sani rumfunan leda ne, yanzu gidajen ƙasa ne da ƙofofin ƙarfe, har da masu cajin waya da masu sayar da ƙanƙara. Kogin da ta tsallako ya yi fushi fiye da sau ɗaya a bayanta, ya ci gonaki ya kori mutane daga bakinsa, waɗanda suka taɓa ba baƙi masauki su ma suka nemi masauki. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Ina jin wannan ba zai ba ta mamaki ba. Abin da zai sa ta rufe baki da mayafi tana dariya shi ne ta ga Bintu, wadda take ɓuya bayan randa in an zo tambaya, tana tsaye gaban aji da alli a hannu. Tana koyarwa a wata ƙaramar makaranta a nan cikin gari, Faransanci da safe, Ingilishi da yamma, kuma ita tana raba mace da namiji in tana Hausa.

Bara Yagana ta zo gaishe ni, da goyo a baya. Suna cikin waɗanda suka koma da aka ce ƙura ta lafa. Na tambaye ta Ingilishi, ta yi dariya ta ce, "Inna, ya zube, saura abin da ba a rasa ba. Noma da raino ba su bar ni ba." Raina ya ɗan sosu, na ce to aikin malama ya tafi a banza ke nan. Sai ta gyara zama ta ba ni labari. Da suka isa, ba rufi ko ɗaya a tsaye, ƙaya da tumfafiya sun cinye lunguna, bango ya zama tudu. Mahaifinta, wanda aka haifa a garin, ya tsaya yana juyawa, ya kasa gane inda gidansa yake. Ita da ta bar garin tana ƙarama, ta nemo tushen masallaci, ta juya ta bi ta inda kasuwa take, ta wuce rijiya, ta ƙirga lungu biyu, ta ce a sare nan. Suka sare ƙayar, sai ga dutsen niƙan kakarta. Kakar ba su same ta ba, ba su kuma sami wanda zai ce ga inda take ba. A wurin suka yi mata addu'a, a wurin suka sake ɗora bango. Ta ce bayan nasu, gida huɗu ta nuna wa masu shi.

Na daɗe ina auna wannan magana. Ya Falmata ta yi niyyar tsare wa yara karatu, wasu ta tsare musu, wasu rayuwa ta fi ƙarfinta. Mutum yakan shuka gero, Allah ya fitar masa da wake a gefe, kuma waken ne zai ci da mutane a shekarar. Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, ko hotonta ba mu da shi sai na katin karɓar taimako, wanda bai yi kama da ita ba. Abin da ta bari yana yawo ne da ƙafafun mutane, wasu a nan, wasu a tsallake, yawancinsu ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Ni abin da ta bar mini ya fi nauyi: ta nuna mini iyakar ƙarfin zuciyata ranar da aka gwada ni, ta kuma bar ni in ci gaba da zama ƙanwarta. Allah ya yafe mata kamar yadda ta yafe, ya yalwata mata makwanci, ya sa ta a garin da ba a korar kowa.

Kwanakin baya Alhaji, da tsufa ya fara kama shi, ya ce yana tunanin mu bar wa yara butiki mu koma Damagaram mu ƙarasa a cikin dangi. Shekara talatin ina jiran in ji wannan magana daga bakinsa. Da ta zo, sai na ji kaina ina cewa, "Alhaji, in ka yarda mu zauna. Ina da ƴar'uwa a maƙabartar garin nan, kuma ba ta da kowa kusa sai mu."